RA'AYINMU: In Ruwa Ya Janye, Wa Ke Tambayar Yaro?

Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar Haɗejiya ya san cewa watan Agusta da na Satumba watanni ne na barci da ido ɗaya. Manomi yana murna da damina, yana kuma tsoronta. Daga Kaugama zuwa Auyo, daga Kafin Hausa zuwa Guri da Kiri Kasamma, mutane sukan kasa kunne su ji ko kogi ya kawo, ko jinga ta ɓalle, ko ruwan madatsun Tiga da Challawa ya taso. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, saboda haka idan kogi ya cika ba ya samun inda zai bi sai gonaki da gidajen jama'a. Haka aka gani a 2018, aka sake gani a 2020, sa'an nan a 2022 aka ga wadda ta fi su muni. A wannan shekara gwamnatin tarayya ta ce mutum fiye da 600 ne suka rasu a faɗin Nijeriya, fiye da miliyan ɗaya suka rasa matsuguni, Jihar Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Bayan kowace ambaliya akan kafa kwamiti. Akan ƙidaya ɗakunan da suka rushe, da gonakin shinkafa da gero da riɗi da ruwa ya ci, da dabbobin da suka tafi. Akan raba buhunan hatsi da tabarmi da gidan sauro. Wannan duka daidai ne, muna kuma gode wa duk mai hannu a ciki. Amma akwai wata hasara wadda ba ta shiga takardar kwamiti, ita ce kuwa muke so mu jawo hankalin masu karatu a kanta yau. Sau da yawa makarantar firamare ce takan zama mafaka ga waɗanda ruwa ya kora. In ruwa ya janye sai a share azuzuwa, a gyara benci, a shafa wa allo baƙi, a kaɗa ƙararrawa, yara su shiga layi. Hedimasta ya rubuta rahoto cewa karatu ya kankama. Wanda ba a tambaya ba shi ne yaron da ke zaune a kan bencin.

A ɗauki misali da yarinya 'yar aji biyar wadda aka tashe ta da tsakar dare, ruwa ya kai gwiwa, ta ji katangar ɗakinsu ta faɗi bayan fitarsu da kaɗan, ta kuma ga mahaifinta, wanda ba ta taɓa ganin hawayensa ba, yana kuka a kan rumbun da ya narke. Ta yi makonni tana kwana a cikin ajin da take karatu. Yanzu an ce ta zauna a wannan aji ɗin ta yi lissafi. Hadari yana haɗuwa, jikinta ya kama ɓari. Malam yana magana, ita tana kallon taga. Da dare ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana ƙarama. Ko kuwa a ɗauki yaron da aka san shi da natsuwa, ya dawo ba ya jin magana, abu kaɗan ya kai duka. Malamai da iyayen wannan yanki sun san irin waɗannan yara, ko da ba su da sunan da za su kira abin da shi.

Kuma ba ruwa kaɗai ne yaranmu suke gani ba. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar man fetur ta faɗi ta kama wuta a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar Kano zuwa Haɗejiya, mutum fiye da 150 suka rasu, da yawansu matasa. Da yawansu sun bar ƙanne ko 'ya'ya da suka koma makaranta bayan kwanakin makoki. Akwai rikicin manoma da makiyaya da kan tashi a fadamu lokacin kaka. Akwai labarin sace ɗalibai, irin na Dapchi a Jihar Yobe maƙwabciyarmu a 2018, da na makarantar Bethel ta Baptist a Kaduna a 2021, wanda kowane ɗan makarantar kwana ya ji a rediyo ya kuma kwanta da shi a ransa. Manya sukan taru su tattauna irin waɗannan abubuwa a ƙofar gida. Yaro kuwa akan ce ya tashi ya ba da wuri, sai ka ce ba shi da kunne.

Idan yaro ya fara nuna alamun da muka ambata, amsoshi uku ne muka saba ba shi, a gida da makaranta har da majami'a. Ta farko ita ce bulala. Mukan ce taurin kai ne, ko lalaci, ko rashin kunya. Ba mu ce a bar yaro ba kwaɓa ba, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Yaron da tsoro ya hana shi barci, in aka dake shi don ya yi gyangyaɗi a aji, an ƙara masa tsoro na biyu ke nan a kan na fari, karatun kuwa bai shiga ba. Wani yaron ma yunwa ce ke damunsa, wani kunnensa ne ba ya ji sosai, wani ba ya ganin allo. Bulala ba ta tambaya, don haka ba ta taɓa gano ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Amsa ta biyu ita ce mu ce iska ce, ko aljanu, ko sammu. Manyanmu suna tune da abin da ya faru a Kano a tsakiyar shekarun 1990, sa'ad da 'yan mata masu yawa a makarantun sakandare suka riƙa faɗuwa suna ihu, jama'a suka sa wa abin suna Sumbuka. Har yau irin wannan yakan ɓullo a makarantun 'yan mata, musamman gab da jarrabawa. Mu masu bi ba mu musun cewa akwai yaƙi na ruhu, Littafi Mai Tsarki ya koya mana haka. Abin da muke musu shi ne gaggawar da ake yi a ɗora kowace faɗuwa da kowane shiru a kan aljan. Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓa jiki, akwai kuma maganin asibiti mai sauƙin kuɗi da ke tsayar da ita ga yawancin masu fama da ita. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da sanƙarau sukan sa yaro sambatu da suma, kuma duk sa'ar da aka ɓata kafin a kai shi asibiti tana iya zama ajalinsa.

A nan dole ne mu faɗa wa kanmu gaskiya. A 2019 'yan sanda sun buɗe gidajen mari a Kaduna da Daura, suka fito da ɗaruruwan mutane, har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. A cikin shekarar ce ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa ta tarar da masu taɓin hankali a ɗaure a asibitoci, da wurin masu maganin gargajiya, da wuraren addini na Musulmi da na Kirista baki ɗaya. Saboda haka kada wani a cikinmu ya nuna maƙwabci da yatsa. Duk gidan addu'ar da ya ɗaure marar lafiya, ko ya hana shi abinci da sunan azumi, ko ya ce ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya, ya ɓata sunan Ubangijin da yake kira.

Amsa ta uku ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi wuyar ganewa domin tana kama da alheri. Mukan ce wa yaro, "Yi haƙuri." Mu ce, "Namiji ba ya kuka." Mu ce wa yarinya, "Rufa mana asiri." Haƙuri da kunya kayan ado ne na ɗan Adam, ba mu raina su ba. Amma akwai bambanci tsakanin haƙurin wanda aka saurare shi sa'an nan ya dangana, da shirun wanda aka toshe masa baki. Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Abin da yaro ya haɗiye yana ɗan shekara goma yakan fito yana ɗan shekara goma sha bakwai, ta hanyar da iyaye ba za su so ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa a wajen 2018 mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi shaye-shaye. A watan Mayu na wannan shekara gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da kuma yin sa a cikin ƙasa. Ba kowane mai shan ƙwaya ne damuwa ta kai shi ba, amma duk wanda ya zauna da waɗannan samari ya ji bakinsu ya san cewa da yawansu barci suke nema, da abin da zai kashe musu tunani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin ɗaya cikin bakwai na yara 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma wajen rabin irin waɗannan matsaloli suna somawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14. Watau suna somawa ne a daidai lokacin da yaro yake hannun malamin firamare da na ƙaramar sakandare. To, wa zai gane su? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, yawancinsu kuma suna manyan birane. Mutumin Kaugama da ke neman asibitin ƙwaƙwalwa sai ya nufi Kazaure, ko Dawanau a Kano, ga kuɗin mota, ga aikin gona da zai bari. Tun 1991 ƙasar nan ta amince a takarda cewa kula da lafiyar ƙwaƙwalwa yana cikin aikin ƙananan asibitoci na matakin farko. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawan mulki, ta kuma tabbatar da cewa marar lafiya yana da haƙƙi da mutunci. Waɗannan ci gaba ne. Amma doka tana Abuja, yaro yana aji. Babban da yake ganin fuskarsa kowace safiya, bayan uwarsa, shi ne malaminsa.

Wannan ne ya kawo mu ga abin da masana ilimi suke kira koyar da sanin zuciya da zaman tare. A Amurka aka raɗa masa suna a 1994, aka kuma kasa shi gida biyar: yaro ya san abin da yake ji a ransa ya iya kiran sunansa, ya iya kame kansa sa'ad da fushi ko tsoro ya taso, ya iya gane halin da ɗan'uwansa yake ciki, ya iya zama da mutane da sasanta rigima, ya kuma iya auna abu kafin ya yanke shawara. A 2011 wasu masana suka tattara sakamakon shirye-shirye 213 na irin wannan koyarwa, waɗanda suka shafi ɗalibai fiye da 270,000, suka tarar cewa yaran da suka samu koyarwar sun fi takwarorinsu natsuwa da kyan hali, har makinsu na karatu ma ya ɗaga. Wannan ba zai ba wani tsohon malami mamaki ba. Zuciyar da ba ta kwanta ba, ba ta ɗaukar karatu.

Mun san za a ce mana wannan kayan Turawa ne, su da suka ƙoshi. Za a ce makarantar da ba ta da alli da rufi ina ta ga wannan. Za a kuma ce ana so a lalata yara ne, a hana iyaye tsawatarwa. Ba mu raina wannan tsoro ba, domin mun sha ganin shirye-shiryen da aka kawo daga waje, aka yi taro a otal, aka raba riguna, aka watse. Amma a sake duba abubuwan nan biyar. Wanne ne baƙo a cikinsu? Kamun kai, da tausayi, da iya zama da jama'a, da hangen nesa, ai su ne Bahaushe yake tarawa ya ce wane mutumin kirki ne. Su ne kakanninmu mata suke koyarwa da tatsuniya a tsakar gida, inda yaro yake ganin ƙarshen haɗamar kura da wayon gizo. Wasu daga cikinsu kuma Manzo Bulus ya lasafta wa Galatiyawa a cikin albarkar Ruhu. Abu ɗaya ne sabo a wurinmu, shi ne na farkon: a yarda yaro ya faɗi abin da ke ransa a gaban babba ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Wannan kuwa ba ya bukatar kwamfuta ko ginin siminti. Kunne yake bukata.

Mai son hujja daga Littafi Mai Tsarki ya buɗe littafin Sama'ila na fari, sura ta ɗaya. Hannatu tana cikin ɗakin sujada a Shilo, baƙin ciki ya cika ta, leɓunanta suna motsi ba a jin murya. Eli firist, babban mutumin Allah, ya dube ta ya yanke hukunci cewa ta bugu ne, har ya tsawata mata. Ya yi kuskure. Abin da ya cece shi shi ne da ta buɗe baki ya saurara, ya janye maganarsa, ya sa mata albarka. Malamai nawa, fastoci nawa, iyaye nawa ne a cikinmu suka tsaya a rabin farko na wannan labari? A duba kuma annabi Iliya a littafin Sarakuna na fari, sura 19. Bayan babbar nasara a Dutsen Karmel ya gudu jeji, ya zauna a gindin itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Allah bai kira shi marar bangaskiya ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan ya tambaye shi abin da ke damunsa, ya bar shi ya faɗi kukansa, daga baya ya ba shi aiki da abokin tafiya, watau Elisha. Abokan Ayuba ma sun yi daidai a kwana bakwai ɗin da suka zauna tare da shi ba su ce komai ba. Ɓarnarsu ta soma ne ran da suka fara neman zunubin da za su ɗora wa wahalarsa. Ubangijinmu Yesu kuwa, da almajiransa suka tambaye shi ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ƙi wannan lissafi gaba ɗaya. Saboda haka addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Luka, wanda ya rubuta mana Bishara, likita ne.

Akwai kuma darasi daga ƙasarmu. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro kusa da Abekuta. Maimakon a kulle masu taɓin hankali a bayan katanga, sai ya shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye, marasa lafiya suka zauna a gidajen jama'a, kowanne da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana. Duniya ta zo ta koya daga gare shi, shi kuma ya kai ga zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da Lambo ya gane shi ne cewa dangi da maƙwabta rabin magani ne. Wannan arziki kuwa muna da shi a Kaugama fiye da yadda suke da shi a Ingila. Abin da ya rage shi ne a nuna wa dangin abin da za su lura da shi da inda za su kai.

Don haka muna kira, da farko, ga Gwamnatin Jihar Jigawa da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malamai masu ba ɗalibai shawara. A makarantu da yawa wannan muƙami suna ne kawai, wanda aka ba shi yana koyar da darussa cike da jadawali, ba shi da ɗaki, ba shi da horo. A raya shi. A kowace makarantar da ke bakin ruwa a horar da aƙalla malami ɗaya da malama ɗaya, domin akwai maganar da yarinya ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba. Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa suna kusa, su ne suke yaye malaman wannan yanki, su ya kamata su ɗauki nauyin horon, da Hausa, da misalan da malamin ƙauye ya sani. A kuma haɗa kowace makaranta da ƙaramin asibitin da ya fi kusa da ita, ma'aikacin lafiya ya san hedimasta, hedimasta ya san shi. Jihar ta kafa dokar kare yara a 2021. Kare yaro ya haɗa da zuciyarsa. Kuma duk ran da aka sake kafa kwamitin ambaliya, a sa malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya a ciki.

Na biyu, ga malamai. Mun san halin da kuke ciki. Aji ya cika ya tumbatsa, albashi ba ya kai wata, ruwan da ya ci gonar uban yaro ya ci taku. Ku ma kuna bukatar mai saurarenku, muna kuma roƙon shugabannin makarantu su tuna da haka. Ba mu ce ku zama likitoci ba. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Bayan kiran suna da safe a ɗauki minti goma a tambayi yara yadda suka kwana, a koya musu bambanta tsoro da fushi da kewa da baƙin ciki, su san kowanne da sunansa. A makon farko bayan ambaliya ko rasuwa a bar su su ba da labari, su yi zane, su yi wasan kwaikwayo, amma kada a tilasta wa wanda bai shirya magana ba. In biyu sun yi faɗa, kafin hukunci a sa kowanne ya faɗi abin da ya ɓata wa ɗayan rai. Kada a yi wa mai fitsarin kwance ko mai in'ina dariya a gaban aji, kada kuma a bar manyan ɗalibai su mai da ƙanana bayi a ɗakin kwana. In yaro ya ba ku amanar magana, kada ta zama hirar ofishin malamai. Sa'an nan ku san alamun da ba a jira da su: yaron da ya daina ci da barci, wanda ya janye daga abokansa makonni, wanda yake jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, yarinyar da take firgita da ganin wani babba takamaimai, da kuma, fiye da duka, yaron da ya ce gara ya mutu. Irin wannan magana ba wasa ba ce. Kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da iyayensa, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar.

Na uku, ga Ikkilisiya. A Kaugama da kewayenta ba mu da yawa, gaskiya ne. Amma a cikinmu akwai malamai, da ma'aikatan jinya, da masu yi wa ƙasa hidima, da 'yan kasuwa, kuma muna da abin da hukuma za ta yi shekaru ba ta gina ba: Makarantar Lahadi, da Zumuntar Mata, da Zumuntar Matasa, da Birged ta maza da ta mata, da ƙungiyar ɗalibai ta FCS. Kowane mako yara suna hannunmu. A koya wa malaman Makarantar Lahadi waɗannan alamu. Zumuntar Mata, wadda ba a fi ta iya ziyarar marar lafiya da gidan makoki ba, ta riƙa tambayar yaran gidan, ba manya kaɗai ba. Makarantun horar da fastoci su sa wannan a cikin darussansu. Fasto ya yi addu'a da dukan zuciyarsa, sa'an nan ya san lokacin da zai ce wa iyaye, "Ku tashi mu tafi asibiti, zan raka ku." Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, tun 1992 ake kiyaye ta, tana kuma faɗowa daidai lokacin da ruwa yake janyewa a ƙasar Haɗejiya. Me zai hana Lahadin da ta fi kusa da ita a yi wa'azi a kan Iliya ko Hannatu, a gayyaci ma'aikacin lafiya ya yi wa jama'a bayani bayan sujada, a kuma ware wani abu daga baiko domin kuɗin mota da magani ga iyalin da ba su da hali?

Wannan aiki kuwa ba za mu yi shi a bayan katangar majami'a kaɗai ba. Ɗan Kirista da ɗan Musulmi benci ɗaya suke zama, ruwa ɗaya ne ya kore su, bai kuma tambayi sunan kowa ba. Iyaye masu bi su riƙa halartar taron iyaye da malamai, su shiga kwamitin kula da makaranta, su kawo wannan magana tare da maƙwabtansu, da liman, da mai unguwa, da dagaci. Mu je da niyyar taimako tsakani da Allah, kada wani ya mai da damuwar yaron maƙwabci wata dama ta jan ra'ayi, gama yin haka cin amana ne, zai kuma rufe ƙofar da aka buɗe. Ɗa na kowa ne, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka.

Na ƙarshe, ga iyaye, mu ke nan duka. Labarin zuciya a tambayi fuska. Mun iya duban hadari mu san ko zai yi ruwa, mun iya duban ganyen gero mu san abin da ya rasa. Mu koyi duban fuskar 'ya'yanmu haka. Uba ya zauna da ɗansa ko a hanyar gona ne, ya tambaye shi, ya kuma yi shiru ya ji amsa. Uwa ta bar 'yarta ta ƙarasa magana kafin ta ce mata ta yi haƙuri. Wanda ɗansa yake shan maganin ƙwaƙwalwa kada ya ɓoye shi a ƙuryar ɗaki don tsoron bakin mutane, mu kuma kada mu zama bakin da ake tsoro.

Damina za ta sake zuwa, kogin Haɗejiya kuma zai sake cika. Jama'ar wannan ƙasa sun san yadda ake fita gayya a ɗaure jinga da buhunan ƙasa tun ruwa bai iso ba, domin rigakafi ya fi magani. Irin wannan gayya muke kira a yi wa yaranmu, a makaranta da gida da majami'a, tun yanzu. Allah ya ba shugabanninmu hikima, ya ƙarfafa malamanmu, ya ba mu kunnen jin 'ya'yanmu. Amin.